Rana Ɗaya, Kasuwa Huɗu: Abin Da Ranar Haihuwar Mawaƙan Amurka Ke Tonawa

Duk shekara idan 23 ga Satumba ta zagayo, gidajen rediyo da jaridun Amurka da Turai sukan jero sunayen mawaƙan da aka haifa a ranar, a yi musu barka, a sa waƙa ɗaya ko biyu, a wuce. Sunaye huɗu ne ba sa ɓacewa daga jerin. Akwai John Coltrane, gwanin busa saksafon, wanda aka haifa a 1926 a garin Hamlet na jihar Karolina ta Arewa. Akwai Ray Charles, makahon mawaƙi mai kaɗa fiyano, haihuwar 1930 a Albany ta jihar Jojiya. Sai Julio Iglesias, 1943, a Madrid ta ƙasar Sifen. Sai kuma Bruce Springsteen, 1949, a jihar New Jersey. A zamanin da ake yayin kantunan fayafayai, wanda yake son ya haɗa mutanen nan huɗu sai ya zaga kusurwa huɗu ta kanti: ɗaya yana wajen jaz, ɗaya wajen kiɗan baƙar fata, ɗaya wajen waƙoƙin soyayya na pop, ɗaya wajen rok.

Mutane da yawa suna ɗaukar irin wannan jeri a matsayin abin nishaɗi kawai, wasu kuma suna neman wani ɓoyayyen sirri a cikinsa. Ni ina ganin yana da amfani na gaske, sai dai amfanin yana wani wuri dabam. Kalanda ba ta duba launin fata, ba ta kuma san wace kusurwar kanti aka ajiye mutum ba. Saboda haka takan zaunar da mawaƙa gefe da gefe, waɗanda 'yan kasuwar faifai suka shafe shekara ɗari suna raba su. Da zarar sun zauna tare, sai mai lura ya ga cewa tun asali hanyoyinsu a sarƙe suke, kuma katangar da ke tsakanin jaz da kantiri da pop hannun mutane ne ya gina ta, don kuɗi da kuma wariya.

Taurari ba su da hannu a ciki

Kafin a je ko'ina, ya kamata a kawar da maganar masu duba. Akwai masu cewa waɗanda aka haifa rana ɗaya burjinsu ɗaya, don haka halinsu da baiwarsu ɗaya. Lissafi kaɗai ya isa ya rushe wannan. Kwanakin shekara 365 ne. Idan mutum 23 suka taru a ɗaki, yiwuwar a samu biyu da suka haɗa ranar haihuwa ta ɗan haura kashi 50 cikin 100. Idan suka kai 70, ta kai kashi 99.9. To ina ga dubban mawaƙan da suka yi suna a ƙarni guda? Dole kowace rana ta samu rabonta. Ranar 8 ga Janairu tana da Elvis Presley da Shirley Bassey da David Bowie. Ranar 19 ga Janairu tana da Janis Joplin da Dolly Parton. Ranar 26 ga Fabrairu tana da Fats Domino da Johnny Cash.

Ban da haka, haɗuwar ta dogara ne ga kalandar da aka yi ƙirga da ita. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Idan aka koma lissafin wata, Coltrane da Ray Charles, da ke da ratar shekara huɗu, kimanin wata ɗaya da rabi ne tsakanin ranakunsu. Su kansu ranakun ma ba duka ne aka rubuta daidai ba. Louis Armstrong ya rayu ya mutu yana cewa an haife shi ranar 4 ga Yuli, 1900, wato ranar bikin 'yancin Amurka. Sai a shekarun 1980, bayan rasuwarsa, wani mai bincike, Tad Jones, ya gano littafin baftisma na wata majami'a a New Orleans da ya nuna 4 ga Agusta, 1901. Willie Nelson kuwa an haife shi daf da tsakar daren 29 ga Afrilu, 1933, aka rubuta 30 a takarda, shi ya sa yake bikin ranakun biyu. Abin da kuskuren magatakarda zai iya sauyawa ba shi ne zai zana wa mutum makomarsa ba.

Abin da ya yi waɗannan mutane a fili yake: garin da suka tashi, talauci ko wadatar gidansu, majami'ar da suka fara jin waƙa, rediyon da ke ɗakinsu, da kuma wanda ya riƙe hannunsu suna yara.

Wa ya gina katangar?

A farkon ƙarni na ashirin, a Kudancin Amurka, makaɗa baƙaƙe da farare suna kaɗa kiɗa kusan iri ɗaya a wuraren rawa na ƙauye, da goge da banjo da jita. Shi kansa banjon, wanda yau ake masa kallon tambarin kiɗan Turawan karkara, bayi 'yan Afirka ne suka fara haɗa shi da duma da fata a tsibiran Karibiyan da Amurka. Masana sukan kwatanta shi da akonting na mutanen Jola a Senegal da Gambiya, kuma duk wanda ya san gurmi, idan ya ga hoton tsohon banjo na duma, zai gane dangi ne.

Rabuwar ta zo ne da garmaho. A 1920 kamfanin OKeh ya fitar da faifan wata baƙar fata, Mamie Smith, aka saye shi kamar me, musamman a unguwannin baƙaƙe. A 1923 wani jami'in kamfanin, Ralph Peer, ya je Atlanta ya ɗauki wani Bature mai goge, Fiddlin' John Carson, shi ma faifansa ya karɓu a tsakanin Turawan karkara. Nan 'yan kasuwa suka ga kasuwa biyu. Suka buga littafin talla biyu, suka ware lambobin faifai biyu: wannan na baƙar fata, wancan na ƙauyawan Turawa. A 1927 Peer ya kafa na'urarsa a garin Bristol, kan iyakar Tennessee da Virginia, ya ɗauki Jimmie Rodgers da iyalin Carter, waɗanda ake kira iyayen kiɗan kantiri. A 1949 mujallar Billboard ta sauya wa jadawalan biyu suna zuwa masu daɗin ji, amma rabon bai sauya ba.

Makaɗan kuwa ba su daina koyo daga juna ba. Jimmie Rodgers ma'aikacin jirgin ƙasa ne daga Mississippi, ya tashi yana jin waƙoƙin baƙaƙen lebura masu gyaran dogo. Hank Williams ya koyi jita a hannun wani baƙar fata mai kiɗa a titi, Rufus Payne. A. P. Carter yana yawon tattara waƙoƙi a duwatsu tare da Lesley Riddle, shi ma baƙar fata, wanda yake haddace karin sautin. A watan Yulin 1930, a Hollywood, Rodgers ya ɗauki waƙar "Blue Yodel No. 9" tare da Louis Armstrong yana busa, matar Armstrong, Lil Hardin, tana kan fiyano. Uban kantiri da sarkin jaz a faifai guda, amma ba a sa sunan Armstrong a jikin faifan ba.

Sai bayan shekara 40 jama'a suka ga abin da idonsu. A watan Oktoban 1970 Armstrong ya zo shirin talabijin na Johnny Cash a zauren Ryman da ke Nashville, cibiyar kiɗan kantiri. Ya tsufa, ciwo ya ci jikinsa, ya shigo da wata ƙatuwar farar malafa irin ta makiyayan Tekzas. Suka zauna kusa da juna, Cash ya rungumi jita ya ɗauki muryar Rodgers, Armstrong ya ɗaga ƙahonsa yana amsa masa layi bayan layi kamar yadda ya yi a 1930. Bai cika shekara ba bayan nan ya rasu, a Yulin 1971.

Ray Charles, wanda ya shiga ta ƙofar gaba

A cikin 'yan 23 ga Satumba, babu wanda ya tona asirin katangar kamar Ray Charles. A Greenville ta jihar Fulorida ya tashi, cikin talaucin da ya kai maƙura. Yana ɗan shekara biyar ƙanensa George ya faɗa bahon wanki ya nutse a gabansa. Kafin ya cika bakwai idanunsa sun rufe. Mahaifiyarsa ta ƙi yarda a mai da shi abin tausayi, ta sa shi aikin gida kamar kowane yaro, ta kuma tura shi makarantar makafi da kurame ta St. Augustine, inda ya koyi karanta kiɗa da yatsu. Ta rasu yana ɗan shekara goma sha huɗu. A duk tsawon yarintarsa, daren Asabar yana kasa kunne ga shirin Grand Ole Opry da ake watsowa daga Nashville. Rediyo ba shi da ƙofar baya ta baƙaƙe. Yana saurayi ma ya yi kiɗa a Tampa da wata ƙungiyar Turawa masu kantiri, Florida Playboys.

Ya fara yin suna ne a kamfanin Atlantic ta hanyar ɗaukar salon waƙar majami'a yana zuba masa kalmomin soyayya, abin da ya fusata limaman coci da yawa. Ya kuma yi jaz tsantsa: ya fitar da kundi tare da Milt Jackson a 1958, ya yi wani a 1961 da makaɗan ƙungiyar Count Basie, wanda abokinsa tun suna samari a Seattle, Quincy Jones, ya tsara wani ɓangarensa. A ƙarshen 1959 ya koma kamfanin ABC-Paramount da wani sharaɗi da ba a saba bai wa mawaƙa ba a lokacin: asalin faifan da ya ɗauka zai zama mallakinsa. A riƙe wannan batu, za mu dawo kansa.

A 1961 ya fasa wasa a Augusta ta jihar Jojiya da ya ji cewa filin rawa na farare ne kaɗai, baƙaƙe sai dai su hau bene su yi kallo. Aka kai shi kotu, aka ci shi tara. Shekara ɗaya bayan nan, lokacin da Kudu ke ci da wuta kan 'yancin baƙar fata, ya ce zai yi kundi na waƙoƙin kantiri zalla. Shugabannin kamfani suka gargaɗe shi cewa zai rasa masoyansa baƙaƙe, farare kuma ba za su karɓe shi ba. Ya ƙi ji. Kundin "Modern Sounds in Country and Western Music" ya fito a Afrilun 1962, ya yi mako 14 a saman jadawalin Billboard. Waƙar Don Gibson da ya sake rerawa a ciki, "I Can't Stop Loving You", ta yi mako 5 tana ta ɗaya a duk faɗin ƙasar.

Ga inda gizo ke saƙa. Waƙar ta hau saman jadawalin pop, ta hau saman na baƙar fata, amma jadawalin kantiri bai ɗauke ta ba. Marubutan waƙoƙi na Nashville sun sha kuɗi da ita, miliyoyin mutanen birni da ke raina kiɗan ƙauye sun fara saurarensa ta dalilinta, duk da haka gidajen rediyon kantiri suka kau da kai. Sai a 1985 ya samu ta ɗaya a jadawalinsu, da waƙar haɗin gwiwa tare da Willie Nelson. Zauren karramawa na kiɗan kantiri kuwa sai a 2021 ya sanar da shigar da shi, shekara 17 bayan rasuwarsa a 2004. Shi ne baƙar fata na uku da ya shiga, bayan Charley Pride a 2000 da DeFord Bailey a 2005. Idan sauti ne ma'aunin kantiri, da tun 1962 an gama magana.

Coltrane, wanda ya ƙi tsayawa wuri ɗaya

Ana yi wa John Coltrane kallon waliyyin jaz, mutumin da ya yi nesa da kasuwa. Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce. Jikan malaman coci ne ta wajen uwa da uba. Ya rasa mahaifinsa yana yaro, ya koma Philadelphia a 1943, ya yi aikin sojan ruwa, sannan ya shafe shekaru yana neman abinci a ƙungiyoyin kiɗan rawa irin na Eddie Vinson da Earl Bostic, kiɗan da bai da nisa da na Ray Charles. Miles Davis ya ɗauke shi a 1955, ya sallame shi a 1957 saboda shan ƙwaya. A shekarar ya kulle kansa ya yaƙi jarabar har ya rabu da ita, ya kuma ce daga lokacin kiɗansa ya zama hanyar godiya ga Ubangiji.

A 1959 Coltrane da Ray Charles suna ƙarƙashin rufin kamfani ɗaya, Atlantic, wanda Ahmet Ertegun, ɗan jakadan Turkiyya a Amurka, ya kafa da abokinsa a 1947. Injiniya ɗaya, Tom Dowd, shi ya zauna gaban na'ura a watan Fabrairu ya ɗauki "What'd I Say" ta Ray Charles, waƙar da ta yi tsawo har aka raba ta fuska biyu ta faifai, wasu gidajen rediyo kuma suka haramta ta. Shi ne kuma ya zauna a watan Mayu ya ɗauki "Giant Steps" na Coltrane, wanda har yau ɗaliban jaz ke gumi a kansa. Wata uku ne tsakani, birni ɗaya, kunne ɗaya. Da fayafayan suka bar kamfani ne aka kai ɗaya wajen matasa masu rawa, aka kai ɗaya wajen masu zaman nazari.

Kiɗan da ya fi kai Coltrane gidajen mutane kuwa daga pop ya aro shi. "My Favorite Things" waƙa ce mai sauƙi daga wasan dandamali na Rodgers da Hammerstein na 1959. Ya ɗauke ta da ƙaramin saksafon mai siririyar murya, ya miƙar da ita kusan minti 14, yana zagaya ma'auni biyu kamar mai zikiri. A 1962 ya yi kundi da Duke Ellington, a 1963 ya yi na waƙoƙin soyayya da mawaƙi Johnny Hartman. A shekarar ne kuma, bayan 'yan wariya sun dasa bam a wata majami'a a Birmingham ranar 15 ga Satumba suka kashe 'yan mata huɗu, ya yi kiɗan "Alabama". Ya nemi kiɗan Indiya, ya nemi na Afirka, ya ƙulla abota da makaɗin gangar nan ɗan Najeriya, Babatunde Olatunji, kuma a cibiyar Olatunji da ke Harlem aka ɗauki wasansa na watan Afrilun 1967, wata uku kafin ciwon hanta ya ɗauke shi yana da shekara 40. Masu gadin jaz ma ba su bar shi ba: tun 1961 wasu masu sharhi suka ce abin da yake busawa kishiyar jaz ne. Kowane gida da nasa masu gadin ƙofa.

Sauran ranakun ma labarin ɗaya ne

Wani zai ce 23 ga Satumba sa'a ce kawai. To a duba 29 ga Afrilu. Duke Ellington, haihuwar Washington a 1899, ya yi suna daga 1927 a Cotton Club ta Harlem, inda baƙaƙe ke kiɗa farare kaɗai ke shiga kallo. Ya rayu yana ƙin a ɗaure shi da sunan jaz, kuma babban yabon da yake yi wa gwani shi ne ya ce ya fi ƙarfin a sa shi a wani rukuni. Abokin ranarsa, Willie Nelson, kakanninsa ne suka rene shi a Abbott ta Tekzas, ya yi tsintar auduga yana yaro tare da baƙaƙe da 'yan Meziko. Gwaninsa a jita shi ne Django Reinhardt, ɗan jaz na Faransa. Jitar da yake riƙe da ita tun 1969, wadda ya raɗa wa suna Trigger, ta samu wani babban rami kusa da bakinta saboda gogar shekara da shekaru, jikinta cike da sa hannun abokai, ya kuma ƙi sauya ta. A 1978, yana kan ganiyarsa a kantiri, ya ce zai rera tsofaffin waƙoƙin pop da jaz. Kamfanin Columbia ya yi ɗari-ɗari. Ya kira Booker T. Jones, baƙar fata daga Memphis, ya shirya masa kundin "Stardust", wanda a cikinsa akwai kiɗan Ellington. Kundin ya shekara goma a jadawalin kantiri.

A duba 21 ga Agusta: Count Basie a 1904, Kenny Rogers a 1938. Masu saurare a Najeriya da suka san Rogers ta kaset da rediyo, tare da su Don Williams da Jim Reeves da Dolly Parton, ba lalle su san cewa a farkon aikinsa ya kaɗa babban goge mai kauri a wata ƙungiyar jaz ta mutum uku a Houston ba. Waƙarsa da ta fi tashe a 1980, Lionel Richie ne ya rubuta masa ita.

Sauran biyun na Satumba ma sun ƙetare. Julio Iglesias mai tsaron raga ne a ƙaramar ƙungiyar Real Madrid kafin haɗarin mota ya kwantar da shi, a gadon jinya ya fara taɓa jita. A 1984 wannan ɗan Sifen ya hau saman jadawalin kantiri na Amurka da waƙar da ya yi da Willie Nelson, shekara guda kafin Ray Charles ya samu wannan matsayi. Springsteen, ɗan direban bas, ya gina sautinsa a kan saksafon ɗin Clarence Clemons, sannan a 1982 ya zauna a ɗakinsa da ƙaramin rakoda na kaset ya ɗauki kundin "Nebraska", yana bin sawun Hank Williams da Woody Guthrie. A daren 28 ga Janairu, 1985, lokacin da mawaƙa sama da 40 suka taru a Los Angeles don tara wa masu fama da yunwa a Habasha kuɗi, Ray Charles da Springsteen da Nelson da Rogers duk suna ɗaki ɗaya, Quincy Jones yana ba da umarni.

Ina gaskiyar masu kare iyaka?

Ba zan ce rabe-raben nan ba su da wani tushe ba. Jaz yana da horonsa: makaɗi yana ƙirƙirar sabon kari nan take a kan ginshiƙi mai sarƙaƙiya, kuma sai an shekara ana koyo. Kantiri ƙarfinsa yana cikin labari, kalmomi kaɗan masu nauyi a kan kiɗa mai sauƙi. Pop yana neman abin da zai shiga kunnen kowa cikin minti uku. Al'ummar da ta raini wani salo tana da haƙƙin ta yi alfahari da shi, ta kuma ji tsoron kada ya narke. Baƙaƙen Amurka musamman suna da dalilin riƙe sunan jaz da ƙarfi, domin sun sha ganin an ɗauke musu abu an sauya masa suna.

Amma wannan dalilin nasu shi ne ya ƙara tabbatar da maganata. Katangar ba ta taɓa hana kowa wucewa daidai wa daida ba. A 1955 Fats Domino ya fitar da waƙa, Pat Boone, Bature, ya sake rera ta, tasa ta zama ta ɗaya a jadawalin pop, ta mai ita ta tsaya a ta goma. DeFord Bailey, mai busa hamonika, yana cikin taurarin farko na Grand Ole Opry, aka sallame shi a 1941, ya shafe shekaru yana goge takalma a Nashville. Da kamfanin RCA zai aika fayafayan farko na Charley Pride gidajen rediyo a 1966, bai haɗa da hotonsa ba. Ɗan Madrid da Turancinsa bai nuna ba ya samu shiga cikin sauƙi, ɗan Jojiya da ya tashi da kiɗan a kunnensa sai da ya jira shekara 23. Iyakar da ke buɗewa ga wani ta rufe ga wani, kare salo ba shi ne aikinta ba.

Har yanzu ba a gama ba. A 2019 Billboard ta cire waƙar Lil Nas X daga jadawalin kantiri da hujjar cewa ba ta cika sharuɗɗan salon ba, waƙar ta je ta yi mako 19 a saman babban jadawali. A 2024 Beyoncé, 'yar Houston kamar Kenny Rogers, ta zama baƙar mace ta farko da ta hau saman jadawalin waƙoƙin kantiri, da waƙar da Rhiannon Giddens ta kaɗa wa banjo. A kundin da waƙar ta fito a ciki akwai muryar Willie Nelson da Dolly Parton da Linda Martell, baƙar mace ta farko da ta yi waƙa a Opry a 1969. Ƙungiyar kiɗan kantiri ba ta sa kundin a takarar ko kyauta ɗaya ba a bikinta na shekarar. A Fabrairun 2025 Grammy ta ba shi kyautar kundin kantiri mafi kyau da ta kundin shekara baki ɗaya.

Abin da ya ba su ƙarfin ƙetarewa

Saura tambaya guda: a cikin dubban mawaƙan da ke da kunne da baiwa, me ya sa waɗannan ne suka iya tsallakewa? Jarumta tana ciki, amma jarumai da yawa sun gwada an murƙushe su. Abin da na ga ya haɗa su shi ne iko a kan aikinsu. Ray Charles ya iya yin kunnen ƙashi ga shugabannin kamfani a 1962 saboda yarjejeniyar 1959 ta ba shi mallakar faifansa da zaɓin abin da zai rera. Willie Nelson ya yi "Stardust" saboda yarjejeniyar da ya sa wa hannu da Columbia a tsakiyar shekarun 1970 ta bar masa yanke hukunci kan kiɗansa. Ellington da Coltrane kowannensu ya kafa kamfanin da ke riƙe haƙƙin kiɗan da ya rubuta. Beyoncé tana da kamfaninta. DeFord Bailey ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa da aka rufe masa ƙofa ba shi da wata.

Wannan darasi ya wuce Amurka. Duk inda ake sayar da waƙa, a faifai ne ko kaset ko manhajar waya, akwai mai rarraba ta rukuni-rukuni, kuma rukunin da aka sa mawaƙi shi ke yanke wanda zai ji shi da abin da za a biya shi. A yau na'ura ce ke jera wa mai saurare waƙoƙi gwargwadon abin da ya saba ji, kuma a kan tsofaffin rukunan nan aka ɗora ta. Mai saurare yana da nasa aikin: ya riƙa fita daga layin da aka ja masa, ya tambayi wa ya koya wa wannan gwani, wa aka bari a baya, wa ya karɓi kuɗin. Matashin mawaƙi kuwa, a Nashville yake ko a Kano, ya san cewa ranar da zai sa hannu a takardar kamfani ta fi ranar haihuwarsa tasiri a kan irin waƙar da za a bar shi ya yi. Ya karanta takardar da kyau, ya nemi wanda ya san doka ya duba masa, kada kuma ya sayar da asalin aikinsa don kuɗin da zai ƙare cikin shekara guda.